Babana Yana Lau

Asabar, 1 ga Agusta 1953, bayan La'asar

Jiya na iso gida. Jirgin ruwa ya sauke mu a Lau, daga can lori ya kwaso mu zuwa Jalingo, muna tafe muna sauka muna tura shi cikin laka. Malaminmu na makarantar Midil a Yola ya ce kowa ya riƙa rubuta abin da ya yi a hutu da Turanci. Wancan littafin daban ne, zan cika masa shi da labarin ruwan sama da gona, irin abin da malamai ke so. Wannan nawa ne, da Hausa, kuma ba mai gani.

Ni ne Hambali, ɗan Malam Maishanu baduku na unguwar Yelwa. Shekarata goma sha biyar. A ajinmu ba wanda ya fi ni Turanci.

Baba ba ya gida. Ya tafi Lau sayen fata. Ta Lau na biyo ban gan shi ba, amma Lau da damina cike take da fatake da ma'aikatan jirgi, mutum zai wuce ɗan'uwansa bai sani ba.

Da na gama cin abinci Inna ta kira ni ɗakinta ta yi wata doguwar magana, tana ambaton garin Iware, tana share ido da gefen zane. Gajiyar hanya ce a jikina, ban kama abin da take cewa ba. Da na fito, Uwani ƙanwata, 'yar shekara shida, ta riƙe mini riga ta ce ina Baba, ita ba wanda yake gaya mata. Na ce mata yana Lau.

Litinin, 3 ga Agusta, da hantsi

Akushin Baba da butarsa suna bayan rumbu, a kife. An ƙona tabarmarsa. Ta tsufa dama.

Talata, 4 ga Agusta, bayan Azahar

Abbo ya zo. Tare muka yi elementare, ni na wuce Midil, shi ya koma bin shanun bappansa. Har yanzu Hausarsa ba ta miƙe ba, yana ce wa mace "shi", ni kuma ina gyara masa yana dariya. Ya kawo mini kindirmo a ƙwarya. Muka zauna a zaure muna sha, sai ya ce, "Sobajo," wato aboki da Fulatancinsu, "yaya jikin Baba?"

Na ce jikin Baba garau, yana Lau yana sayen fata.

Ya dube ni. Ya ce rugar bappansa bana tana bayan Iware, yana yawan bin hanyar. Na ce to, Allah ya ba da ciyawa. Daga nan na ba shi labarin Yola, da gadon ƙarfe, da Baturen da ya yaba mini a gaban aji. Shi dai ya yi ta kallon ƙwaryar. Ina ganin kishi yake yi. Ba laifinsa ba ne, duk wanda aka bari a baya haka yake ji.

Alhamis, 6 ga Agusta, da yamma

Na shiga kasuwa. Rumfar Baba a rufe da zana, ruwa ya fara cin ginshiƙin gaba. Dukawan da ke layinmu sun amsa gaisuwata da kyau, suna ta "sannu da zuwa, ɗan Malam, yaya karatu." Ba wanda ya miƙo hannu. Malam Yuguda, da yake ɗaukata a kafaɗa ina ƙarami, ya sa hannuwansa biyu cikin aljihun riga, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ce Allah ya sawwaƙe kuma.

Nauyina suke ji. Mutum in ya yi boko haka mutanen kasuwa ke yi masa.

Juma'a, 7 ga Agusta, da safe

Da can ranar Juma'a tsakar gidanmu cike take da matan unguwa masu jiran kitso wajen Inna. Yau ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye tsinke da man shanu, ta zauna. Har rana ta take ba wadda ta shigo. Ta kama kan Uwani ta tsefe ta sake kitsawa, alhali shekaranjiya ta yi mata.

Damina ce, kowa yana gona.

Lahadi, 9 ga Agusta, bayan Magariba

Wani abu ya dawo mini yau ina alwala, ban san dalili ba. Hutun da ya wuce ina zaune a rumfa, Baba yana ɗinkin kube yana ba ni labarin yadda kakanmu ya taso daga Zariya da jaki ɗaya. Basilla ta huda fatar ta shige cikin yatsansa. Ya ci gaba da labari. Sai da jini ya ɗiga a kan jar fatar, ni na gani na ce, "Baba, hannunka." Ya duba kamar hannun wani ne. Ya zare basillar, ya naɗe yatsan da tsumma, ya ce kada in gaya wa Inna.

Baba jarumi ne, shi ya sa. Tabon da ke bayansa kuma ƙyasbi ne, rabin mutanen garin nan suna da shi.

Litinin, 10 ga Agusta, da Asuba

Inna ta ƙulla gari da kuka da daddawa ta tafi. Ta ce sai jibi. Ban tambaye ta ina ba.

Laraba, 12 ga Agusta, bayan La'asar

Ta dawo ƙafafunta a kumbure. Ni na dafa wa Uwani wake kwana biyu, ya ƙone sau ɗaya. Inna ta ce, "Yana gaishe ka. Ya tambayi tsawonka." Na ce zan je ɗebo ruwa. Randunan a cike suke, amma na je.

Juma'a, 14 ga Agusta, da yamma

Yau na ji daɗi. Bayan Masallaci na haɗu da 'yan Midil biyu da suke hutu a garin nan, 'ya'yan manyan En'e. A makaranta ba su cika kula ni ba, amma yau su suka kira ni. Muka zaga kasuwa muna Turanci, mutane suna kallonmu. Abbo ya biyo mu a baya da sandarsa, ba wanda ya gayyace shi. Sun tambaye ni sana'ar babana, na ce fataucin fata yake yi tsakanin Lau da Garwa.

Ba abin da ya faru kuma. Sai dai a bakin kasuwa, wajen da mata Mumuye ke sauke doya, akwai wani mutum tsaye shi kaɗai a gindin tsamiya, da shuɗiyar riga da malafa har ido, hannu ɗaya a naɗe. Ya ɗaga ɗaya hannun. Ban san wa yake ɗaga wa ba, kasuwa ce. Shuɗiyar riga kuwa kowa yana da ita. Muka wuce. Abbo ya tsaya, ya durƙusa yana gaishe shi. Abbo haka yake, kowane almajirin hanya sai ya gaishe shi.

Ban ci tuwon dare ba. Rake na sha da yawa.

Asabar, 15 ga Agusta, bayan Azahar

Mun yi faɗa da Abbo a bakin kogin Lamurde. Shi ya fara.

Lahadi, 16 ga Agusta, da safe

Ruwa tun Asuba.

Lahadi, bayan La'asar

Da na ce shi ya fara, ba da hannu nake nufi ba. Ina wanki a kan dutse ya zo ya tsaya a kaina, ko sallama babu. Ya ce, "Tun duhu ya taso daga Iware a ƙafa. Ya ce shi ba zai shiga gida ba, ba zai taɓa kowa ba, yana so ya ga tsawonka ne kawai. Kai kuma ka juya masa ƙeya."

Na ce ban san wanda yake magana ba, babana yana Lau.

Ya ce, "Hambali, ni ne fa. Ni na raka shi da buhunsa ranar da ya tafi."

Na ce ya fara gyara Hausarsa kafin ya koya mini ubana. Ya ce da Hausa da Fulatanci da Turancin naka duk sunan abin ɗaya ne. Ya buɗe baki zai faɗi sunan. Sandarsa tana jingine da dutse, kusa da hannuna.

Girarsa ta fashe. Bai rama ba. Ya wanke fuskarsa a kogi, ya ɗauki sandar ya tafi. Da ya rama da ya fi.

Duk da haka bai kamata ya zo mini da magana haka ba.

Talata, 18 ga Agusta, da hantsi

'Yan Midil ɗin sun wuce ta ƙofar gidanmu a kan keke. Na fito na kira su. Ɗaya ya waiwayo ya ce wa ɗayan wani abu, suka ƙara taka keken. Wataƙila ba su ji ba.

Ragon layya da Baba ya kiwata tun bara yana ta kuka a turke. Ni nake yanko masa ciyawa. Yanzu da shi kaɗai nake hira a gidan nan, in ban da Uwani, ita kuma tambayarta ɗaya ce, yaushe jirgin Lau zai kawo Baba.

Laraba, 19 ga Agusta, jajiberin Sallah

Lafiya lau nake.

Alhamis, 20 ga Agusta, Babbar Sallah, bayan La'asar

Na je Idi ni kaɗai. A sahu na samu fili dama da hagu, har na ji iska.

Ladan ya zo ya yanka mana ragon, Allah ya saka masa. Bai zauna ba, ya ce gidaje da yawa suna jiransa. Ni na feɗe, yadda na ga Baba yana yi, na huda fatar a wuri biyu. Inna ta kasa naman, ta ce in kai wa maƙwabta kamar kowace shekara. Na ce a bari. Ta ce, "Ubanka bai taɓa cin layya shi kaɗai ba. Ɗauki."

Gidan farko suka ce sun gode, nasu ya yi musu yawa. Gida na biyu matar ta ce in ajiye a ƙasa a bakin zaure. Ban yi nisa ba na ji karnuka suna faɗa a kansa. A gida na uku yara suna wasa a ƙofa, wani ƙarami da ko wando babu ya ruga ciki yana kiran uwarsa, yana faɗin naman gidan wane ne aka kawo. Ba sunan Baba ya faɗa ba. Wancan sunan ya faɗa.

Na dawo da ƙwaryar. Inna ta duba, ta karɓa, ta hura wuta ta hau suya. Har yanzu tana yi.

Juma'a, 21 ga Agusta, da safe

Naman gidan kuturu. Abin da yaron ya ce ke nan.

Na rubuta. Takardar ba ta ƙone ba.

Juma'a, bayan Azahar

Tun daren da na iso na ji duk abin da Inna ta ce. Akwai zangon masu wannan ciwo a bayan Iware, da ɗakin magani, kuma Baba da ƙafarsa ya kai kansa tun farkon damina, don kada a ce a ƙaurace wa gidan gaba ɗaya. An ƙaurace ɗin duk da haka.

Amma mutumin gindin tsamiya ban ga fuskarsa sosai ba. Malafa ta rufe. Wannan gaskiya ne.

Asabar, 22 ga Agusta, da yamma

Wani mai jaki daga Iware ya tsaya a ƙofa ya yi magana da Inna daga nesa. Da ta shigo ta zauna a bakin murhu. Ta ce ƙafar Baba ta yi gyambo, mako guda ke nan ba ya takawa. Na ce me ya same shi. Ta ce tafiya ya yi mai nisa, wani abu ya shige masa tafin ƙafa bai ji ba, ya yi ta takawa a kai har ya koma.

Na ce tafiya zuwa ina.

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Ban tambaye ka komai ba, Hambali. Kai ma kada ka tambaye ni."

Lahadi, 23 ga Agusta, da hantsi

Uwani ta kwana da zazzaɓi. Inna ba za ta iya barinta ba, ga naman da ta soya wa Baba a tukunya zai lalace in ya daɗe. Dole wani ya kai. Wannan ne kawai dalili. Inna ta ce Baba ya hana a kai ni can, ya ce ɗan makaranta ba ya zuwa irin wurin. Na ce ai ba kai ni za a yi ba.

Lahadi, bayan La'asar

Na je wajen Abbo tambayar hanya. Na same shi a bayan gari yana ba maruƙa ruwa. Girar ta kumbura, an shafa mata wani baƙin magani. Na yi sallama ya amsa, bai ce sobajo ba. Na shirya magana tun daga gida, amma da na ga girar sai na ce masa kawai ta ina ake bi.

Ya ce, "Bi hanyar mota. In ka kai Iware ka wuce kasuwar shanu, ka tambayi kowa. Duk duniya ta san wurin. Kai kaɗai ne ba ka sani ba."

Na tsaya ko zai ce zai raka ni. Ya ci gaba da jan guga.

Laraba, 26 ga Agusta, bayan Azahar

Jiya da yamma na dawo. Zan rubuta yadda abin ya kasance, ba yadda zan so ba.

Na fita Litinin bayan sallar Asuba da tukunya a ka. Ban san nisan haka yake ba. Inna tana yin wannan tafiya da kaya ta dawo ta ɗora girki, ni kuwa kafin rana ta take cinyoyina sun riƙe. Ruwa ya kama ni a hanya, na fake a rumfar wasu Mumuye masu gasa masara, suka ba ni ɗaya. Sun tambaye ni ina za ni. Na ce Iware. Suka ce wajen wa. Na ce aike ne.

La'asar ta yi na isa. Bukkoki ne a jere a gefen wani rafi, da gonakin gyaɗa, da ɗakin magani mai rufin kwano. Na zaci zan ji wari ko kuka. Wata mata tana daka, taɓarya a maƙale tsakanin dungulmin hannuwanta, tana waƙa. Na riƙe numfashi da na wuce ta. Ban so in yi haka ba, amma na yi.

Malamin ɗakin maganin, Malam Njidda, wani dogon Bafulatani mai furfura a gemu, ya tare ni. Da na faɗi sunan Baba ya ce, "Kai ne na Yola. Ya ishe mu da labarinka." Ya kai ni bukka ta ƙarshe.

Baba yana zaune a ƙofa a kan buzu, ƙafar dama a miƙe a naɗe da farin ƙyalle. Ya rame. Girarsa ta zube, fuskar ta yi wani kauri, amma shi ne. Ko daga ƙarshen kasuwa shi ne.

Na durƙusa daga nesa na gaishe shi. Ya amsa kamar jiya muka rabu. Ya ce wa ya ce in zo. Na ce Uwani ce ba lafiya, nama kuma zai lalace. Ya ce to, ajiye can, kada ka matso. Ya tambayi Uwani, ya tambayi ragon ko ya yi kitse, ya tambayi wa ya feɗe. Na ce ni. Ya ce fatar fa. Na ce na huda ta wuri biyu. Ya yi dariya har ya yi tari.

Sai ya ce, yana kallon gonar gyaɗa, "Kwanaki na leƙa Jalingo sayen zare. Ban daɗe ba. Idona ya yi rauni yanzu, ko mutum yana gabana ba na shaida shi. Ban ga wanda na sani ba."

Ya ba ni hanya ke nan, a share. In na yi shiru shi ke nan, babu abin da ya faru ranar Juma'a, shi da kansa ya ce. Na ji daɗi, wallahi na ji, kamar an sauke mini tukunyar karo na biyu. Na daɗe ina kallon ƙasa.

Na ce, "Shuɗiyar riga ce a jikinka, Baba. Ka ɗaga hannun hagu."

Bai juyo ba. Matar can tana ta daka. Can ya ce, "Ita ce rigar."

Bai nemi in ƙara komai a kai ba.

Malam Njidda ya dawo da kwanon ruwan ɗumi da sabulu, lokacin wankin ƙafa ya yi. Ya ce masu wannan ciwo kullum sai an jiƙa musu ƙafa an duba tafin, tunda ba sa jin ƙaya ko tsakuwa. Ya ce mai gyambon shi zai yi da kansa, amma ɗaya ƙafar, in ina so in koya, ga ta. Baba ya ce a'a, da ƙarfi. Malam Njidda ya ce, "Malam, shekara nawa ina wanke ƙafafun nan, dube ni. Kana shan ƙwayarka. Yaron zai wanke hannu da sabulu, shi ke nan. Ba yadda mutanen gari ke faɗa ba ne."

Zan so in rubuta cewa nan take na matsa. Ban matsa nan take ba. Sai da Malam Njidda ya gama da mai gyambon, na ga ramin da ke tafin, zai ɗauki kan babban yatsana. Na tashi na zaga bayan bukka na tsaya. Da na dawo kwanon yana nan, Baba ya janye ƙafar hagun ya ɓoye ta ƙarƙashin riga.

Na tsuguna na ce, "Kawo, Baba."

Ƙafar tana da sanyi da kaushi. Na sa ta a ruwa, na cuɗa, na bi tsakanin yatsu yadda aka nuna mini. Na ce masa ruwan bai yi zafi ba ko. Ya ce, "Kai za ka gaya mini." Na shafa mata man gyaɗa. Duk lokacin nan fuskarsa tana ɗaya gefen, ban ga abin da take yi ba, ban kuma leƙa ba.

Na wanke hannu sau uku. Wannan ma gaskiya ne.

A shirayin ɗakin magani na kwana. Da safe Baba ya raba naman Inna da mutanen layinsa, kowa ya samu tsoka, suna ta sa wa Inna albarka. Ya ce mini kafin wata Sallar zai dawo ya buɗe rumfa. Da Malam Njidda ya raka ni bakin rafi na tambaye shi. Ya ce shekara biyu, ko uku, in ya dage da magani, kuma jin da ya tafi daga yatsu ba lalle ya dawo ba. Ya ce kada in ce shi ya faɗa.

Alhamis, 27 ga Agusta, da yamma

Na biya ta wajen Abbo. Na ce na je. Ya ce to. Na ce girar fa. Ya ce tana nan. Na ce ni ne na yi ba daidai ba. Ya ce ya sani. Bai ce in zauna ba, na ɗan tsaya na tafi.

A hanya na haɗu da Malam Yuguda, hannuwansa a aljihu. Ya ce ina aka je kwana biyu. Na ce Iware, wajen Baba. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ƙara ja da baya.

Ba wanda ya zo kitso. Ba abin da ya canja a unguwar nan. Na zaci wani abu zai canja.

Juma'a, 28 ga Agusta, bayan La'asar

Zazzaɓin Uwani ya sauka. Tana kwance a tabarma a inuwar rumbu tana shan kunu, ta ce in na bi ta Lau zan koma makaranta in ce wa Baba ya zo haka nan, ta gaji.

Inna tana tankaɗe. Ta dakata, ba ta ɗago ba.

Na zauna kusa da Uwani na ce Baba ba ya Lau, ni na faɗa mata ba daidai ba. Yana Iware. Ta ce Iware ta fi Lau nisa ne. Na ce a'a. Ta ce to me ya hana shi zuwa. Na gaya mata. Na ce ba shi da lafiya, ciwon yana daɗewa, yana shan magani, kuma mutane suna tsoron ciwon, shi ya sa ba sa shigowa gidanmu. Na faɗa mata sunan ciwon, don gara ta ji a bakina kafin ta ji a bakin yaran unguwa.

Ta yi ta juya ludayi. Na jira kuka. Sai ta ce, "Akwai awaki a can?"

Har na buɗe baki zan ce akwai, da yawa, farare da jajaye, don ta ji daɗi. Na ce ban lura ba. Na ce gobe Asabar zan koma kafin hutu ya ƙare, zan duba mata.

Ta ce in duba da kyau.